Hannun da Ba a Yi wa Jaje Ba

Assalamu alaikum, mai kula da wannan fili da masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci na kowa ba.

A shekarar da abin ya faru ni budurwa ce da ta ci jarrabawar bak, wato ta gama sakandare, ina zaune a ƙauyenmu da ke gefen Bande ina jiran a kira ni jami'a. Ni ce ta farko a gidanmu da ta yi nisa a boko. Ba ni da hayaniya, amma zuciyata ba ta zama wuri ɗaya. In na ga mota ta wuce a kan hanyar Damagaram sai in bi ta da ido har ta ɓace, ina ƙaga garuruwan da za ta ratsa, ina harhaɗa baitoci a kansu alhali ban taɓa taka su ba. Inna takan ce ni ina nan amma rabina yana can. Duk abin da ke da nisa, a wurina kyakkyawa ne.

Ina da ƙanwa, ita ce autarmu, kuma bahaguwa ce. Tun tana rarrafe take miƙa hagu, kuma tun lokacin ake yaƙi da hannun. Inna ta sha ɗaure shi da tsumma a jikinta in za a ci tuwo, ta sha ƙwala masa ludayi. In ta karɓi abu da shi a gaban baƙi, Gwaggo, wadda ke yawan zuwa mana daga Magarya, takan ce ta kunyata gida, wa zai ci abincin da aka tuƙa da hagu. Yarinyar ta koyi cin abinci da gaisuwa da dama, amma da an kau da ido sai hagun ya fito. Wuri ɗaya ne kawai ake son sa, wato gindin goruba. Yaran ƙauyen kan zo har ƙofar gida su kira ta, ta ɗauki ƙodago ta auna, ta wurga, sai ka ji goruba na zubowa. Ba ta jifa biyu a kan abu ɗaya.

Da ta shiga kolej, wato ƙaramar sakandare, a Magarya, tana zaune wurin Gwaggo, sai malamin wasanninsu, wanda suke kira Mushe, wato malam da Faransanci, ya ga jifarta ya sa ta cikin 'yan ƙwallon hannu. Wasa ne da ake jefa ƙwallo cikin raga da hannu, kuma ashe a cikinsa bahago abin nema ne, don mai tsaron raga bai saba da inda ƙwallonsa ke fitowa ba. Na fara ganin ta a fili ranar da makarantarsu ta je Dungas. Na ga ta yi tsalle, hannun nan da aka yi shekaru ana duka ya tashi sama, ƙwallo ya shige, fili ya kaure da ihu. Na yi kuka ban san dalili ba. Amma kafin a je ko'ina Mushe ya fitar da ita ya zaunar a kan benci, mutane na ta kiran a maido 'yar hagu, shi ko a jikinsa. Na ji haushinsa ƙwarai.

A wannan ranar wani mutum ya tare ni a bakin fili. Yana da ƙungiyar 'yan mata a Damagaram, mai zaman kanta, da motarsu, da riguna iri ɗaya, suna yawo gari gari suna gasa. Ya ce ya ji ni ce yayarta mai ilimi, shi ya sa ya zo wurina kai tsaye. Ya ce zai samar mata makaranta da masauki, za ta ga Maraɗi, za ta ga Yamai. Sannan ya faɗi maganar da ta tafi da ni. Ya ce a duk ƙungiyarsa babu bahaguwa ko ɗaya, ita kaɗai ce za ta zama, kuma ba za ta taɓa zaman benci ba muddin yana numfashi. Na ji maganar kamar kirari. Na je na sami Mushe na gaya masa. Mutum ne marar fara'a, ƙwallonsu ma ɗaya ne, shi ma da faci. Ya ɗaga kafaɗa ya ce yarinya ce, ƙashinta bai gama ƙosawa ba, a bar ta tukuna, sai ya juya yana yi wa wasu yara tsawa. Na ɗauka baƙin ciki yake yi kada a raba shi da tauraruwarsa.

Baba bai so maganar ba da farko. Ya ce shi bai san wasan da ake ɗaukar 'ya mace a mota dominsa ba. Na yi ta lallashinsa, na ce karatu ne a birni, wasan ƙari ne kawai. Daga ƙarshe ya ce, uwata, ke kika yi boko, ke kika san waɗannan abubuwa, in kin ga alheri ne to amana ce a hannunki. Na tambayi ƙanwata wanne take so. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta, ta ce duk wanda Yaya ta zaɓa. Sai ta ƙara da cewa Mushe dai yakan sa su huta. Na yi dariya, na ce ke raguwa ce, mutum ya samu ya ga duniya yana maganar hutu. Ita ma ta yi dariya. Da bakina na zaɓa mata motar nan.

Watannin farko na yi ta shawagi cikin farin ciki. Takan ari waya ta kira ni ta ce yau suna gari kaza, gobe gari kaza. Ni kuma tambayoyina ba sa wuce yaya garin yake, akwai benaye, kin ga kogi. Wani lokaci sukan buga wasa da safe su sake bugawa da la'asar, kuma daga farko har ƙarshe tana ciki, duk wata jifa mai wuya ita ake miƙa wa. Ina jin haka ina alfahari, ina ba ƙawayena labari. Sau ɗaya ta ce mini mai ƙungiyar yana shafa mata wani man zafi kafin wasa, ta ce warinsa kamar na tsofaffi, muka yi ta dariya. Ban tambaye ta a ina ake shafawa ba.

Da ta zo hutu, sai gida ya ga abin mamaki. Ta ɗauki tsintsiya da dama. Ta je rijiya ta ja guga da dama, hagun yana dafe da igiya kawai. Ta ɗauki taɓarya da dama. Inna ta rangaɗa guɗa a tsakar gida, ta ce abin da ludayi ya kasa birni ya yi, Allah ya yi wa mai motar nan albarka. Gwaggo ta ce yanzu ta zama mutum. Yara suka zo kiranta gindin goruba, ta ce ta girma da wannan. Ina tsaye ina kallon duk wannan, ni mai karatu, mai ganin ma'ana a cikin gajimare da kukan kurciya, na ce a raina ƙanwata ta waye. Har na tsokane ta na ce 'yar birni, an daina mu'amala da mu. Ta yi murmushi ta shige ɗaki.

Bayan hutun aka shirya wasa a Magarya, ƙungiyarsu za ta kara da wata. Na matsa wa Inna sai da ta yarda muka hau babur muka je, don ina so ta ga yadda ake tafa wa hannun da ta raina. Ƙanwata ta jefa biyu suka shiga, Inna tana rufe baki da gyale tana dariya, tana cewa ashe abin nan yana da rana. Can aka sake miƙa mata ƙwallo. Ta yi tsalle yadda ta saba, hannun ya tashi, amma ƙwallon bai je ko'ina ba, ya faɗo a gabanta yana gangarawa. Ta sauko ta durƙusa, hannun yana lilo a gefenta kamar ba nata ba. Ba ta yi ihu ba. Mai ƙungiyar yana daga gefe yana ɗaga murya, tashi mana, 'yar hagu, tashi, saura kaɗan.

An fara kai ta wurin maɗori, ya ce gocewa ce, ya ja ya ɗaure. Da kumburin ya ƙi sauka muka tafi asibiti a Damagaram aka ɗauki hoto. Likita ya ce ba ciwon rana ɗaya ba ne, kafaɗar ta daɗe tana lalacewa a daidai inda ƙashin yaro ke girma, ya tambaya ko babu wanda ya lura. Na kasa ɗaga ido. Da muka fito muka zauna a inuwar wata bishiya, na ce mata me ya sa ba ki faɗa mini ba. Ta ce, Yaya, in na ce hagu na ciwo me Inna za ta ce, ai cewa za ta yi dama ta faɗa. Sannan ta ce, kuma ke kina ta murna. Wannan magana tana nan a ƙirjina har yau, ba ta narke ba.

Mai ƙungiyar ya aiko yaro ya gaishe ta, ya kuma karɓi rigarsu. Muka dawo ƙauye, mata suka yi ta shigowa dubiya. Kowace in ta zauna sai ta tambaya wane hannu ne, in an faɗa mata sai ta sauke ajiyar zuciya ta ce, to alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi, hagu ce. Haka liman ya ce, haka Gwaggo ta ce, har Baba ya ce Allah ya rufa asiri da ba dama ba ce. Da zuciya ɗaya suke faɗa, ba mugunta ba. Ƙanwata tana kwance tana amsawa da amin. Ni kaɗai a ɗakin na san cewa abin da ya mutu shi ne wuri ɗaya tak a jikinta da aka taɓa yi wa tafi, kuma babu wanda zai yi mata ta'aziyyarsa.

Yanzu ina jami'a, na ga garuruwan da nake mafarki, kuma ba su ce mini komai ba. Ita ta koma kolejinta a Magarya. Hannun ya warke har tana riƙe ƙwarya da shi, amma ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa. In sa'ar wasanni ta yi takan zauna a benci tana tsaron takalman 'yan ajinsu. Ba ta taɓa yi mini gori ba, da ma ta yi, wataƙila da na ji sanyi.

Ku iyaye da yayye da Allah ya ba wa yaro mai baiwa, in masu ƙungiya suka zo da mota da riguna, kada ku tambayi garuruwan da za a kai shi. Ku tambayi wa zai canje shi in ya gaji, da wa zai kai wa kuka in jikinsa ya yi ciwo. Ku ji tsoron mai cewa ɗanku ba zai taɓa hutawa ba. Kuma ku duba zuciyarku, ku tabbata ba tafiyar da ku kuke marmari ba ce kuke ɗora wa ƙaramin yaro. In kun ga yaro ya bar abin da yake so ba dalili, kada ku yi guɗa, ku ja shi gefe ku tambaya.

Da na je gida hutun da ya wuce, mun bi ta gindin gorubar nan muna dawowa daga rijiya. Ta cika da 'ya'ya, yara na ta jifa suna kuskure. Ƙanwata ta tsaya, ta sunkuya ta ɗauki ƙodago da hagu, ta auna da ido yadda ta saba. Sai ta mayar da shi hannun dama, ta jujjuya shi, ta miƙa wa wata ƙaramar yarinya. Ta ce, Yaya, mu tafi, Inna na jiran ruwa.