Malam Sambo Sanyinna, Mai Ninkin Takarda

Haihuwa da nasaba

An haifi Malam Sambo a garin Sanyinna, ƙasar Tambuwal, a shekarar 1942. Mahaifinsa shi ne Malam Atu, mai makarantar allo kuma limamin unguwa, mahaifiyarsa kuwa Na'inna ce, 'yar manoman Dogon Daji. Shi ne na biyu a maza. Wansa Dikko ya girme shi da shekara tara, kuma a hannunsa Sambo ya koyi baƙi da wasali.

Karatu

A shekarar 1951, da aka nemi kowane gida ya ba da yaro ɗaya domin boko, Malam Atu ya riƙe Dikko saboda gadon littattafai, ya miƙa Sambo. Ya yi elementare a Tambuwal, ya wuce Sakkwato, daga nan ya tafi kwalejin horon malamai a Zariya, inda ya kammala a 1963. A can ne ya ga wani malamin lissafi ya ninke takarda gida biyu, ya sake ninkewa, domin nuna rabi da kwata. Sauran ɗalibai sun manta. Shi bai manta ba.

Fara aiki da aure

Ya kama aikin koyarwa a Tambuwal a watan Janairu na 1964, ya auri Ummulkulsum 'yar Malam Arzika a 1966. A waɗannan shekaru ne ya tsara dabarar da aka san shi da ita. Yaro zai ninke takarda ta yi marfi kamar ƙofa, ya rubuta tambaya a waje, amsa a ciki, ya riƙa jarraba kansa kafin ya buɗe. Mai marfi biyu ta kwatanta gero da dawa ce, mai huɗu ta lokutan shekara. Tarihi kuwa doguwar takarda ake lanƙwasawa gaba da baya, kowane lanƙwasa da zamaninsa. Wadda ta fi shahara ita ce ta rabon gado, wadda ninki ɗaya ke ba da nusufi, na biyu rubu'i, na uku sumuni, har yaro ya ga kason da idonsa.

Fakku

A watan Satumba na 1976, shekarar da aka kafa Jihar Sakkwato kuma aka buɗe ilimin firamare ga kowa, an tura shi Fakku ta ƙasar Kebbe a matsayin hedimasta. Ya tarar da yara fiye da ɗari biyu, malamai uku, littafi babu. Abin da ke akwai shi ne siminti, domin lokacin kuɗin fetur ne, ana ta gina azuzuwa. Ya sa aka tattara buhunan siminti na takarda da magina suka zubar, aka kakkaɓe, aka yanka domin ninki. Kowane yaro ya zama yana da littafinsa a aljihu, wanda ya yi da hannunsa, yana dubawa a gona da wurin kiwo. A 1978 yara goma sha ɗaya daga Fakku suka ci jarrabawar shiga sakandare, abin da ba a taɓa ji ba a ƙauyen.

Rantsuwa

A daminar 1979 aka tsinci ɗaya daga takardun darasin addini a kasuwar Kebbe, an ƙunshe ƙuli-ƙuli a ciki, ga aya rubuce a ƙarƙashin marfin. Labari ya isa Sanyinna, inda Malam Dikko ya riga ya gaji limanci. Ranar da Sambo ya je gaisuwar Sallah, wan nasa ya tare shi a zaure, gaban almajiransa da dattawa, ya ce: "Sambo, wanga aiki da kaka yi, shi anka aike ka Zariya ka koyo? Ayar Allah cikin buhun siminti, har ana ƙunsa ƙuli da ita? Ɗan gidanga!"

Magana ɗaya ta isa ta kashe wutar, wato ya ce zai daina sa aya a ciki. Amma Sambo mutum ne mai zuciya, kuma bai taɓa musu da wanda ya koya masa karatu ba. Sai ya ce: "Wallahi, Malam, hannuna ba shi ƙara ninke takarda." Dikko bai ce ya yi daidai ba, bai kuma ce ya yi kaffara ba. Aka shafa fatiha, aka watse.

Ya cika rantsuwarsa. A 1981 wata kwalejin horon malamai ta gayyace shi ya nuna dabarar ga ɗalibai ɗari uku. Ya je, ya tsaya hannuwansa a baya, ya yi bayani da baki na awa guda, ba wanda ya fahimta, ba a kuma sake kiransa ba. Malaman da suka iya ninkin aka yi ta canza musu wurin aiki, yaran Fakku suka koma maimaita abin da ke kan allo. Matarsa ta sha ce masa ciyar da miskinai goma ba wuya ba ne, shi kuwa yakan ce kaffara tamkar ƙaryata wansa ce a bainar jama'a, sai dai in wan ne ya fara magana. Shekara goma sha bakwai suna gaisawa, ba wanda ya tayar da zancen.

Ritaya da ƙarshen rayuwa

Ya yi ritaya a 1994, ya koma Sanyinna yana noma. Malam Dikko ya rasu a 1996. Da aka zo raba littattafansa, sai aka sami wata takardar siminti mai ninki uku a cikin littafin fara'ili, wato na rabon gado, ta yi laushi don yawan buɗewa, da rubutun Sambo a kanta. Babban almajirinsa, Malam Tambaya, ya shaida cewa da ita marigayin yake nuna wa magada kasonsu tun kafin rigimar har bayanta, kuma ya taɓa ce masa: "Ni aya ɗai nika nufi. Amma yaro ya rantse, mi zan ce?"

Malam Sambo ya yi kaffara a makon nan. Sai dai a lokacin ciwon rawar hannu ya riga ya kama shi, ba ya iya haɗa gefen takarda da ɗan'uwansa. Ya gwada koya wa 'yarsa Zahara'u, wadda ke koyarwa a Dogon Daji, ta kama uku daga cikin ninki fiye da ashirin. Sauran ba a rubuta su ba.

Rasuwa

Ya rasu ranar Talata da hantsi, a watan Maris na 1999, yana da shekara hamsin da bakwai. Malam Tambaya ya yi masa salla, aka binne shi a maƙabartar Sanyinna, kusa da kabarin wansa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar: Atu, Kulu, Husaina, Ni'imatu da Zahara'u. Takardar da aka samu a littafin Malam Dikko tana hannun Zahara'u, ita kaɗai ce ta rage daga aikin hannun Malam Sambo. Allah ya jiƙan su duka biyun, shi da wansa.