Matar da Ta Ƙi Buɗe Mini Ƙofa

Kowace safiya, kafin mai shara ya gama baranda, takan sauka ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin bene, ta ja kujerarta mai karyayyen hannu gaban sabar, wato na'urar da duk imel ɗin ɗakin gwajinmu ke bi. Shekara goma sha tara ke nan. Mai Gadi muke kiranta, da zolaya. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Ƙofa biyu ta yi wa na'urar. Ta shigowa tana karɓar wasiƙar duk wanda ya rubuto mana, ta miƙa ciki. Ta fita ba ta sakin ko harafi sai mutum ya faɗi sunansa da kalmar sirrinsa. Ta nan sakamakon jinin marasa lafiya ke tafiya wurin likitoci.

Wata rana na manta tawa kalmar, ga likita yana jira. Da yake ni ne shugaba, na sauka a fusace na ce ta cire shingen baki ɗaya.

"Ranka ya daɗe, sabuwar kalma zan ba ka yanzu. Ƙofa kam tana nan a rufe."

"Umarni nake ba ki!"

"To, zauna ka gaisa da baƙinka tukuna."

Ta juyo mini allon na'urar. Layuka suna ta gudu, ba tsayawa.

"Kowane layi wani ne yake gwada ƙofar," in ji ta. "In na buɗe, kafin a tashi aiki sun watsa ƙarya dubu da sunanmu, duniya ta daina karɓar wasiƙunmu. Sakamakon wa zai maƙale a hanya? Ni dai ban sani ba."

Na gani da idona, amma na hau sama na rubuta mata takardar gargaɗi. Da kalmar da ta ba ni na aika, na'urarta kuma ta isar. Shekara shida takardar tana cikin fayil ɗinta, sai jiya na cire.

Mai Gadi, ke ce katangar da muka jingina da ita ba mu taɓa waiwayarta ba. Mutane nawa suka sami magani a kan lokaci saboda kin ƙi buɗe mini? Ba su san ki ba. Na gode, kuma ki yafe mini.

Layukan nan har yanzu suna gudu, ni ma ban daina mantuwa ba, ban daina fushi ba. Kai da za ka gaji kujerar nan, da duk mai riƙe da irin wannan ƙofa: ranar da na sauko ina faɗa, don Allah ka ƙi buɗe mini.