Gwadon da Na Yaga wa Zomaye

Ban iya rubutu ba. Maƙwabciyarmu ce ke rubuta abin da nake faɗi, na kuma gaya mata in kuka ya zo mini ta jira ni.

Maigidana manomi ne a wani ƙauye can gefen Kurawa. Bayan gero da dawa, babu abin da ya sa a rai kamar zomaye. Jajaye ne masu farin goshi, tun ina amarya na tarar da irinsu a gidan, bai kuma taɓa haɗa su da wani iri ba. Ya ware musu ɗakin ƙasa guda, suna haƙa ramunansu yadda suka ga dama. Abokansa na yi masa dariya, wai dattijo da kiwon yara. Shi ko a jikinsa.

'Yan bindiga suka harbe shi a gona yana ɗaurin dami. Aka binne shi cikin hanzari, washegari ƙauyen ya watse. Cikin duk waɗanda na haifa, ɗiya ɗaya Allah ya bar mini, tana aure a Isa. Mijinta ya aiko mai babur ya ɗauke ni. Abin da hannu zai riƙe kawai ake hawa babur da shi. Na ɗauki tsohon gwadon maigidana, saƙar hannu, wanda yake lulluɓa da shi in sanyi ya shigo. Na shiga ɗakin zomaye, manyan duk suka shige rami. 'Yan ƙanana biyu na iya kamawa, mace da namiji, ba su daɗe da barin nono ba. Na sa su a kwando, na rufe da gwadon. Sauran na bar musu ƙofa a buɗe.

A kan babur ɗin na yi wa kaina alkawari. Waɗannan biyu za su girma, su hayayyafa, ranar da aka koma gida in mayar da irinsa ɗakinsa.

Ɗakin da aka ba ni a Isa na siminti ne. Da na sauke su, ƙafafunsu suka riƙa zamewa, suna ta kartar ƙasa suna neman inda za su haƙa. Babu. Suka lafe bayan tabarmata, kafin gari ya waye sun cinye mata gefe.

Ɗiyata ta ce, "Inna, a kai su bayan gida mana. Kowa can yake ajiye dabba."

Na ce, "Mussar maƙwabta na nan tana zagaye, kin san halin kyanwa da ƙananan zomaye. Nan za su zauna inda idona yake."

Ina cikin takaba, ba na fita, don haka komai sai na roƙa. Na roƙi tsohuwar randar da ta tsage, wadda aka jingine a tsakar gida. Na kwantar da ita a kusurwar ɗaki, bakinta na kallon bango, na tokare ta da duwatsu kada ta mirgina. Zomo yana son wuri mai duhu da zai shige ya ji bayansa a tsare, haka maigidana ke faɗi. Surukina ya kawo bulo, aka jera aka yi musu ɗan shinge. A ƙasa na zuba toka, na bi ta da busasshen yashin gulbi, saboda fitsari. Da kansu suka zaɓi kusurwa ɗaya suna yi a nan, kullum safiya in kwashe wurin in zuba sabo.

Abin shimfiɗa ne ya gagara. A gida ciyawa mai laushi yake yanko musu, ya shanya ta bushe sarai. A Isa kuwa masu yankan ciyawa sun daina shiga daji. Ɗiyata ta kawo ƙaiƙayi, na ce a'a, yana shiga ido, yana sa su atishawa. Ta samo harawar wake, na shimfiɗa cikin randar, suka cinye ta tas suka kwanta a kan yumɓu. Ta yi dariya ta ce, "Inna, baƙinki sun cinye katifarsu." Ni ma na yi, dariyar farko tun rasuwar.

Sai sanyi ya sauka sosai. Simintin nan kamar ƙanƙara yake da asuba. Namijin ya fara rawar jiki, hancinsa a jiƙe, ya ƙi dusa. Na duba ɗakin, ba ni da komai sai tufafin jikina da gwadon. Na kama shi na yaga gida biyu. Rabi na yayyanka na cika randar da shi, rabi na lulluɓa mata ta sama. Suka shige ciki suka nutse. Ina jin ƙamshin maigidana suka ji, domin shi ke ɗaukar su tun idonsu bai buɗe ba. Namijin ya warke. Suka yi ƙiba, gashinsu na sheƙi. In na idar da salla nakan zauna bakin shingen in yi ta kallonsu, in kuwa babu kowa kusa har magana nake yi musu.

Maigidana yana da ƙane a Sabon Birni. Bai zo jana'iza ba, ya ce hanya ba kyau. Ranar sadakar arba'in ya zo, da farar riga, ya kuma zo da maganar gado. Tun da ba ni da ɗa namiji, yana da rabo. Surukina ya kira malamin unguwa, suka zauna bakin ƙofar ɗakina.

Tun ina amarya muke wasa da ƙanen nan. Ya leƙo ya ce, "Matata, kin rame. Ko rashin ganina ne?"

Na ce, "Rashin ganinka ranar da aka ɗauki gawa ne."

Ya yi kamar bai ji ba.

Malam ya ce gida da gona sai an samu hanya, yanzu ba mai iya zuwa can, a bar komai sai lokacin. Ƙanen ya ce a'a, abin da ido ya gani a raba shi, kada nauyi ya zauna a kan mamaci. Ya tambayi abin da na taho da shi. Na faɗa. Ya shigo har ciki, ya tsaya kan randar, ya sa yatsa ya ɗaga tsumman.

"Wanga ba gwadon Yaya ba ne?"

"Shi ne."

"Mi ya same shi?"

"Sanyi suke ji."

Ya juya wajen malam. "Ka gani ko? An taɓa gado kafin rabo. Saƙar hannu, irin da ba a yi yanzu, an ba dabba ta yi fitsari."

Ban taɓa tunanin gwadon da na kwana a gefensa tun ƙuruciyata yana da wani mai shi ba. Malam ya sunkuyar da kai. Ya ce a hankali, rabon mace mai ɗiya tumuni ne, ɗaya cikin takwas, tun da kuma na riga na yi amfani da gwadon, sai a lissafa shi a rabona. Ɗiyata tana da rabi. Saura na ɗan'uwa. Zomaye biyu ne, kowa ya ga inda maganar ta nufa.

Ɗiyata ta ce, "Baba, ga kazata mai ƙwai, ɗauki. Ka bar wa Inna abinta."

Ya ce, "Kaza ina da ita. Abin tuna ɗan'uwana nake so."

Ya sa hannu cikin randar ya cafko namijin ta kunnuwa, yana ta harbin iska. Na ce, "Ba a ɗaukar ƙarami ta kunne, tallabe shi ta ƙasa." Na cire wani yanki na gwadon na miƙa masa. Na ce ya sama masa tukunya da yashi, ya shimfiɗa wannan, kada ya bar shi kan siminti.

Ya ce, "Wanga rabonki ne, Yaya. Riƙe abinki."

Bayan na fita takaba ya sake zuwa Isa cin kasuwa, ya biyo gaisuwa. Na tambaye shi zomon. Sai da ya yi tunani kafin ya tuna. Ya ce a kwali ya ajiye shi a zaure, da safe aka tarar da shi a sanƙare. Da ya ga fuskata ya ce, "Zomo ne fa, Yaya."

Macen tana nan. Ta ɗiyata ce a shari'a, amma a ɗakina take. Ta girma, randar ta kusa yi mata kaɗan. Wani lokaci takan fige gashin ƙirjinta ta tara a ciki, ta shirya wa 'ya'yan da babu su. Surukina ya ce zai sayo namiji a kasuwar Bafarawa. Na ce ya bari. Fari ko baƙi za a samu, abin da za ta haifa ba irin maigidana ba ne. In an koma gida, ban san abin da za ni sa a ɗakin zomayensa ba.

Har yanzu kullum safiya nakan kwashe yashi in zuba sabo. Gwadon kuwa tana ta gaigayarsa, abin da ya rage bai fi tafin hannuna biyu ba. Ɗiyata ta ce in cire shi in adana, yanzu ana samun ciyawa kaɗan-kaɗan. Na ƙi. Malam ya ce rabona ne, ba mai sake tambayata abin da na yi da shi.