Telan Bodinga da Ya Shiga Majigi

Ɗantani mutumin Danchadi ne, siriri mai dogon wuya, tela a kasuwar Bodinga. Ɗinkinsa ba wani abin a zo a gani ba ne, amma rumfarsa ba ta rabo da jama'a, domin duk wanda ya gifta sai Ɗantani ya tashi ya kwaikwayi tafiyarsa, har da tarinsa.

Wata ranar kasuwa, a zamanin Turawa, motar masu ɗaukar majigi ta tsaya kusa da 'yan albasa. Wani Bature ya sauko da tafintansa, Malam Ladan, suna neman wanda zai fito a wawan manomi mai ƙin zuba taki. Baturen na tafe yana ɗaga ƙafa kamar zalɓe, Ɗantani na biye yana yin yadda yake yi. Dariya ta yi yawa, Bature ya waiwaya, ya kama shi ƙafa ɗaya a sama.

Ɗantani ya ce, "Shi ke nan, yau sai gidan yari."

Malam Ladan ya ce, "Wane gidan yari? Yac ce kai shika biɗa."

A wata gona a Mandera aka fara. Da Ɗantani ya gane injin ba ya ɗaukar murya, sai baki ya buɗe. Ladan, wanda ya fito a malamin gona, yana yi masa faɗa, shi kuwa ya marairaice fuska yana tambayarsa wane mugun tela ya ɗinka masa wandon nan. Sau bakwai ana sakewa saboda dariya.

Shekara ta zagayo, suka dawo da wani labari: magidanci wanda matarsa ta sha ruwan kududdufi ta rasu. Kowa ya ce mai barkwanci ba zai iya ba. Ɗantani ya zauna a ƙofar zaure, ya tuno ranar da aka binne mahaifiyarsa, hawaye suka zubo na gaske. Da aka nuna majigin a Dandin Mahe, washegari tsofaffi uku suka tako har Danchadi yin ta'aziyya. Suka tarar da matarsa Hasiya tana daka.

Ta ce, "Lahiya? Wa yar rasu?"

Suka ce, "Ke."

Ta dama musu fura suka sha. Da maigidan ya dawo, ta ce in zai sake kashe ta, ya riƙa sanar da ita tukuna.

Na uku a Shagari aka yi, ya fito a ɓarawon shanu. Ya tsallake katanga, ya yi kokawa da ƙarti biyu, aka ɗora shi kan dokin da bai taɓa hawa ba, dokin ya watsar da shi cikin laka, ya yi targaɗe. Bature ya yi ta tafi, Ɗantani ya yi wata guda yana ɗingishi. Abin da ya fi targaɗen yi masa ciwo shi ne yadda mata suka riƙa janye awakinsu in sun hango shi a kasuwa. Ya rantse shi da fitowa ɓarawo har abada.

Daga baya masu majigi suka aiko ya same su Kaduna. Ya kai har Gusau, ya ga jirgin ƙasa yana huci, ya tuna albasar da ya shuka a fadama ba mai yi mata ban ruwa, ya juyo gida. Ya ci gaba da ɗinki har idonsa ya raunana, sannan ya koma fadama. A can ya tsufa, da jikoki goma sha ɗaya.