Teburin Iya daga kututturen maɗaci

Da aka zo faɗaɗa titin layinmu a Fagge, maɗacin ƙofar gidanmu aka fara sarewa. Aka kwashe gangar jikin, aka bar mana kututture mai faɗin da mutum biyu za su zauna a kai su yi dara.

A gindin bishiyar nan wata dattijuwa Bayarabiya ta yi shekaru tana sayar da teba da miya. Iya muke ce mata. Tun ina yawo ba wando take korata daga bakin tukunyarta, har na yi furfura ba ta daina ba. Da inuwa ta tafi sai ta ce ita ma ta gaji, 'ya'yanta na kiranta gida Kudu, kafin damina za ta tashi.

Ni kafinta ne, amma na benci da akurkin kaji. Makaranta kuwa, na san ƙofarta. Duk da haka bakina ya riga ni, na ce, "Iya, zan fitar miki da tebur zagayayye daga kututturen nan, ki tafi da bishiyarki."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai? Bencin da ka yi min har yau da dutse nake tokare shi."

Na ɗauko wani abokina Inyamuri daga Sabon Gari mai injin zarto. Muka haƙe ƙasar gindin, muka wanke ɓawon saboda yashi na cinye haƙoran inji, ya kwantar da zarton ya yanko guda uku, kowanne kamar ƙaton faifai, kaurin tafin hannu. Cikinsu ja, zobe bayan zobe, sai ƙamshi mai ɗaci. Kafin ya tafi ya ce, "Aboki, a inuwa fa. Ka shafe fuskokin da kyandir. Shekara biyu."

Na ce to. A raina na ce wannan bai san ranar Kano ba. Mu da muke shanya kilishi da safe mu ci da yamma? Kuɓewa, tumatir, bulo, wanki, komai namu rana muke ba wa. Na sa aka hau da guda ɗaya saman soro. Ba a yi mako ba, ina alwalar la'asar na ji ƙara kamar an harba bindiga. Ya tsage daga baki har cibiya.

Na biyu na yi masa wayo, rana da safe, inuwa da azahar. Ya tsage a hankali, cikin ladabi.

Sai a lokacin na zauna na kalli abin da kyau. Baki ne ke rigan tsakiya bushewa, ya nemi tsukewa, tsakiya kuma tana nan da ruwanta ba ta matsa ba. Dole wani ya yage. Na narka kyandir na shafe na ukun, na kai shi ɗakin da ba taga, na ɗora a kan ƙananan itatuwa, na rufe da garin katako. Kullum sai na leƙa na ɗaga gefe, nauyinsa na nan kamar jiya. Ni kuma ina ganin kayan Iya ana ta ɗaurewa.

Ranar da motar ta zo na je mata hannu wofi. Na ce, "Iya, bai bushe ba. Ko ƙafa babu."

"Ɗauko min shi haka."

"Ɗanye ne fa. Zai tsage."

"A nan zai tsage, garinku da ko leɓen mutum tsagewa yake. Can iska da ruwa a jikinta, ya bushe yadda ya ga dama. Ƙafa kuwa akwai kafintoci na gaske."

Mu huɗu muka ɗaga shi. Ta hana a sa shi a ƙasan kaya, ta naɗe shi da tsohon zanenta, ta sa aka jingina shi a bayan kujerarta. Direba na ta mita a kan nauyi, ta ce ya yi shiru, ta girmi motarsa.

Ban sake jin labarinsa ba. Wani lokaci ina cikin aiki sai na tsinci kaina ina lissafin damina, ina cewa yanzu kam ya isa a goge shi. Ko ya tsage ko bai tsage ba, ban tambaya ba, kuma ba na jin zan tambaya.