Ka Ce Masa Ina Tafe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina shagona a babbar kasuwar Garwa ina yanka wa wata mata yadi, sai ga Madam Albertine, mai sayar da tikiti a filin jirgi, ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Alhaji Sulaimanu, Ilyasu ya tafi." Saboda sabo, saura kaɗan in tambaye ta a wane jirgi.

Malam Ilyasu Bobbo, shekara ashirin da bakwai ka yi a tsaye bayan sikelin awon kaya na filin jirgin garin nan. Ba wanda ya tashi daga Garwa bai bi ta hannunka ba. Kafin ka ɗora jaka ka riga ka san nauyinta. Idan tsohuwa ta zo da kayan da suka fi ƙima, sai ka dube ta ka ce, "Hajiya, har da turmin za a kai Makka?" A yi dariya, sannan ka durƙusa ka kwance ƙullin, ka rarraba yajinta da garin kununta cikin jakunkunan waɗanda nasu bai cika ba. Ba ka taɓa sa kowa ya zubar da guzurinsa ba, ba ka kuma taɓa danne allurar sikeli don kowa ba. Ni kaina na gwada ka da turmin shadda uku da zaƙin baki. Ka ce da ni sikeli ba ya jin Hausa, ba ya jin Fillanci.

Abin da kowa ya san ka da shi saƙonka ne. Duk maniyyacin da ka gama auna masa kaya, sai ka riƙe hannunsa ka ce, "In ka isa Madina, ka gaida mini Ma'aiki, ka ce masa Ilyasu yana tafe." Har yaran kasuwa da dattawan masallaci suka laƙaba maka Ina-tafe, kana amsawa. Sau biyu ni da kaina na kai wannan saƙo.

Bara waccan, da ka ajiye aiki, 'ya'yanka suka biya maka kujerar Makka. Ranar da ka ɗora taka jakar a kan sikelin, kilo tara ta yi, haramin ne da 'yan riguna da dambun naman da matarka Aisatu ta yi maka. Muka yi ta yi maka tsiya, wai wanzami ba ya son jarfa. Ni ma a wannan ayarin nake, zan je na uku.

Jirgin bai zo ba. Aka ce kamfanin da zai kwashe mu na ɓangare biyu ne, wasu Turawa da wasu 'yan ƙasa, sun saɓa a kan wa ke da rinjaye, har wata kotu a wata ƙasa ta riƙe jirgin. Mutanen can inda za mu sauka kuma suka ce ba za su ba jirgin da ba a san ubangidansa ba izinin sauka ba, suka ƙara da cewa dama rabin alhazan nasu kamfanin ne ke da haƙƙin ɗauka. Namu suka ce ba a taɓa yin haka ba. Mu dai ba mu san sararin sama ma yana da masu shi ba sai a lokacin.

Kwana tara muka yi a gindin itatuwan dogon yaro. Kullum da safe Albertine ta fito ta rubuta kalma ɗaya a allo, reporté, wato an ɗage. Tsofaffin da suka zo daga Mindif da Mora har sun haddace siffar rubutun ba tare da sun iya karatu ba. Kai da ba ka da sauran aiki a wurin, kai ne mai nemo musu ruwa, kai ne mai fassara musu abin da manya ke faɗa, kana rage masa ɗaci.

Rana ta goma mutanen can suka aiko da nasu jirgin, ƙarami, ba zai ɗauke mu duka ba. Aka karanta sunaye. Naka ya fito, nawa ya fito. Na Inna Kaltume, wata tsohuwa daga Mora da ta haura tamanin, bai fito ba. Ba ta yi kuka ba, ta dai koma ta zauna a kan jakarta tana kallon ƙasa. Ka je wurin Albertine ka ce ta goge naka ta sa nata. Ta ce, "Ilyasu, tu es sûr? Ka tabbata? Ba wani jirgi bayan wannan." Ka ce, "Madam, ni ɗan gida ne. Jirgi ba zai ƙare ba."

Ina tsaye a bayanka na ji komai. Sau biyu na je, kai ba ka taɓa zuwa ba. Abin da ya kamata in yi bai ɓuya mini ba, amma na sunkuyar da kai na bi layi. A bakin ƙofa ka kama hannuna kamar kullum, fuskarka ba ko ɗigon zargi, ka ce, "Alhaji, ka ce masa ina tafe." Na faɗa a Madina. Wannan kunyar ba za ta bar ni ba har in tarar da kai.

Jirgi kuwa ya ƙare. Bara aka ce maniyyatan arewa su gangara Duwala ta mota da jirgin ƙasa su tashi daga can, alhali ciwon suga ya riga ya cinye maka ƙafa. Rigimar tana nan a kotu har yau, ban kuma ga ranar ƙarewarta ba. Sunan kamfani ya canza sau uku a gabanka, hoton shugaban ƙasa da ke rataye a bangon ofis ne kaɗai bai taɓa canzawa ba. Masu rigimar ba su san da kai ba, ba za su kuma sani ba.

Aisatu ta gaya mini jakar tana nan a ɗakinka yadda ka ɗaure ta. Dambun kawai ta cire.

Ina miƙa ta'aziyyata gare ta, da 'yarka Hindu da ƙannenta, da Albertine da sauran abokan aikinka, da Hausawa da Fulanin Garwa baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Allah ya jiƙanka, Ilyasu, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Kai da ka ƙare rayuwa kana rage wa mutane nauyin kaya, Allah ya sa naka mizanin ya yi nauyi. Ya rubuta maka hajjin da ka yi niyya, ya saukar da kai inda ba a neman izinin kowa sai nasa. Ni kuma ya yafe mini kujerar da na zauna a kai.

Saƙonka ya isa sau ɗaruruwa. Allah ya sa an shaida masa ka iso.