Ɓeran Gindin Tukunya

Lokacin tonon citta ne, shekarar da gona ta ba mu kunya, ɗana Yohanna kuma ya koma shan giya. 'Yata Rifkatu ta zo hutu daga jami'a, tana ba ni labarin ɓerayen ɗakin gwaji. Wai in an daɗe ana ba su giya, sinadaran ƙwaƙwalwarsu kan canja, har komai ya daina yi musu daɗi sai ita.

Nan na tuna marigayiya surukata, mai dafa burkutu a Kagoro. Wata rana da hantsi, tsamin dawa ya cika tsakar gida, muka ga ɓera yana tangaɗi a gindin tukunya, ya kasa gane raminsa. Na ɗaga muciya, ta riƙe hannuna.

"Bar shi, 'yata. Rufe tukunyar kawai. Zai tuna hanyar gida."

Da na faɗa wa Rifkatu, ta ce, "Kaka ta yi gaskiya, Mama. In an daina ba su, wasu kan farfaɗo, amma a hankali."

Washegari na fasa faɗan da na shirya yi wa ɗana. Na dama kunu na kai wa Yohanna, na zauna har ya shanye. Ubangiji ya ba tsohuwa hutawa, ya nuna wa jikanta hanyar gida.